Yadda ake riƙe zaman matasa ƴaƴan gidajen azna a Tawa

Kowace shekara in Oktoba ta kama aka buɗe lakwal, motocin da ke shigowa Tawa daga wajen Ƙwanni, Illela, Buza da Keita suna sauke yara riƙe da jakar buhu da tabarma a naɗe, waɗanda aka turo kwaleji ko lise. Galibinsu gidan kawu ko gwaggo suke sauka. A cikinsu akwai ƴaƴan gidajen azna, gidajen da har yau ake girmama kan gida, wato iskar da ke tsaron gidan, ake sanin iskan da kakanni suka bari gado, ake sanin ranar shiga daji da ranar da ba a shiga. Irin wannan yaro ba ya yin sati biyu a aji sai ya gane ko sunan garinsu abin ɓoyewa ne. A tambaye shi "kai ɗan ina ne?", ya faɗa, wani daga bayan aji ya ce "garin arna", a kwashe da dariya. Daga ranar nan ya kama bakinsa, ya tuɓe ƙarfen da kakarsa ta sa masa a hannu ya tura can ƙasan jaka.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin ɗari na mutanen Nijar Musulmi ne, masu bin addinin gargajiya kuwa wajen kashi 0.2. Amma duk wanda ya san Adar ya san akwai gidaje masu yawa da ake salla kuma ba a yar da gado ba, don haka yaran da maganar ta shafa sun fi yadda alƙalumma suka nuna. Abin da suke rasawa a birni ƙarami ne kuma babba: wurin da za su faɗi sunan gidansu ba a yi musu dariya ba, da babban mutum da zai amsa tambayarsu da gaskiya. Zaman da za a yi bayani a nan shi ne wannan wuri. Ana iya yin sa a Tawa, ana iya yin sa a Yamai, tsarin ɗaya ne.

A fara da shata iyaka

Kafin a nemo tabarma ko a kira yaro ko ɗaya, masu shiryawa su zauna su amince da abin da zaman zai yi da abin da ba zai taɓa yi ba, su rubuta a takarda. Zaman wurin koyo ne da zumunci. Ba a yanka a wurin, ba a girka, wato shigar da mutum bori, ba a kiran iska, ba a ba da magani, ba a duba. Waɗannan duka suna da masu su, suna da wurarensu da lokutansu, kuma iyaye ne ke da ikon kai ɗansu ko hana shi. Girka musamman aiki ne na kwanaki, mai kuɗi da nauyin da mutum zai ɗauka har ƙarshen ransa, kuma bisa al'ada rashin lafiyar da ta ƙi ji ce ke kai mutum gare ta, dangi su yi shawara. Yarinya ƴar shekara 15 da sha'awa ta ɗebe ta ba ta isa ta yanke wannan hukunci a gaban ƙawayenta ba, kuma wanda ya buɗe mata ƙofar ya ci amanar iyayenta.

Iyaka ta biyu: ba a jawo kowa. Al'adar azna gado ce, ba a fita wa'azinta, babu wanda ya taɓa bin gida-gida yana neman mabiya ga iskar da ake kira Uwar Gona. Duk ranar da aka fara cewa yara su zo da abokansu na aji don a ƙara yawa, an shiga hanyar rigima da iyayen wasu, kuma rigimar a kan yaran za ta ƙare. Ta uku: ba a zagin addinin kowa. Yawancin yaran suna da uwa ko uba ko kawu mai salla, wasunsu ma su da kansu suna salla. In lokacin la'asar ya yi a tsaya, mai yi ya tashi ya yi, a ajiye buta da tabarma ɗaya a gefe don haka. Babu mai tambayar wani don me ya tashi ko don me ya zauna.

Manyan da za su riƙe

Mutum ɗaya ba ya riƙe zaman yara, komi kirkinsa. A samu aƙalla uku: namiji da mace da ke zaune kowane zama, da na uku mai riƙe kuɗi da takardu. Biyu daga cikinsu kada su kasance ƴan gida ɗaya, domin miji da mata ko wa da ƙane ba sa iya tsawata wa juna a gaban mutane, kuma in ƙorafi ya taso a kan ɗaya, ɗayan zai rufa masa asiri. Ya fi kyau a samu wanda ya saba da yara, kamar mushen lakwal ko ma'aikaciyar asibiti, tare da wanda ya tashi cikin al'adar ya san abin da ake faɗi da abin da ba a faɗi.

Akwai doka ɗaya da ba a sassautawa ko ga wa: babba ba ya keɓewa da yaro. Ba a ɗaki ba, ba a kan babur ba, ba ta waya da dare ba. In yaro na da maganar da yake son faɗi a asirce, a ja shi gefen fili inda ana ganinsu amma ba a jin su. Dalilin a bayyane yake. Duk inda aka ce akwai asiri, akwai mai neman fakewa da shi, ya ce wa yarinya "zo in nuna miki abin da ba a nuna wa kowa, amma kada ki faɗa wa innarki". A gaya wa yara tun ranar farko, da baki ƙarara, cewa duk wanda ya ce su ɓoye wa iyayensu wani abu, ko boka ne ko malami ko ɗaya daga cikin masu riƙe zaman, to su faɗa a ranar. A maimaita musu wannan kowane wata uku, don sababbi na shigowa, tsofaffi na mantawa.

Wanda ke cin abinci da bokanci ko duba kada a ba shi riƙon zaman, ko da mutumin kirki ne. Ana iya gayyatarsa ya yi magana sau ɗaya a gaban kowa. In ya zama na kullum, sannu a hankali yara za su koma masu kawo masa kuɗin laya lokacin jarrabawa.

Yardar iyaye, da ƙafa ake nemo ta

Takardar da aka ba yaro ya kai gida ba yarda ba ce. Rabi za su ɓace a jaka, wasu kuma yaron ne zai sa hannu da kansa. Mutum biyu su taka har gida bayan la'asar, a yi sallama, a gaisa sosai, a tambayi gida da gona da mutanen ƙauye, sannan a shigo da magana: "Baba, mun zo ne a kan yaronku. Muna tara yaran wajenmu sau biyu a wata, su ji tarihin gidajensu daga bakin tsofaffi. Ba yanka, ba wasan bori, ba magani. In kun yarda ya zo, in ba ku yarda ba babu komi, zumunci na nan." A faɗi wurin, da ranar, da lokacin tashi, da sunayen manyan da ke zama. A gaya musu ƙofa a buɗe take, duk ranar da suka so su zo su zauna su ji.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne yaron da iyayensa na ƙauye amma yana zaune hannun wani a Tawa. A nan yarda biyu ake nema. Uba a ƙauye zai iya cewa to da murna, amma kawun da ke ciyar da yaron ya ɗauki abin a matsayin kawo shirka gidansa. In mai riƙon ya ƙi, a haƙura. Yaron da aka kora daga gidan da yake kwana ya rasa lakwal gaba ɗaya, kuma babu zaman da zai biya shi wannan hasara. Ana iya barin maganar har hutu, uban ya yi magana da ɗan'uwansa da kansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, a sashe na 14 ta ba yaro ƴancin tunani da addini, kuma a wuri guda ta tabbatar wa iyaye haƙƙin yi masa jagora. Duka biyun ake riƙewa tare.

Bayan an yarda da baki, a rubuta a littafi ɗaya mai bango mai kauri: sunan yaro, shekarunsa, sunan wanda ya yarda, ranar da aka je, lambar wayar babba, da ciwon da yaron ke da shi in akwai, kamar sikila, asma ko farfaɗiya. Littafin nan hannun mutum ɗaya yake zama, a akwati mai makulli. Ba a ɗaukar hotonsa, ba a kwafe shi a waya. Jerin sunayen ƴaƴan azna da unguwanninsu in ya fita, ba ya komawa.

Yawa, wuri, lokaci, kuɗi

Shekara 13 zuwa 17, yara 12 zuwa 15. In sun haura 20 sai masu baki su cinye zaman, masu kunya su koma kallo, kuma manya biyu ba za su iya lura da wanda ya fita ba. In an yi yawa a raba gida biyu, ƴan 13 da 14 daban, ƴan 15 zuwa 17 daban, domin tambayoyinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Maza gefe, mata gefe, fili ɗaya. Wanda ya cika 18 ya fita daga sahun yara. In yana so ya taimaka, ya ɗauki ruwa da tabarmi, kuma dokar manya ta hau kansa daga ranar.

Wuri mafi kyau tsakar gidan dattijo ko dattijuwa da unguwa ke ganin girmanta, mai inuwa da makewayi, ƙofa a buɗe. Ɗaki rufe yana jawo zargi, bakin titi kuma yana jawo ƴan kallo. A sanar da mai unguwa kafin zaman farko, a gaya masa gaskiyar abin da ake yi, domin in wani ya kai masa tsegumi gobe, ya tarar ya riga ya sani. Sau biyu a wata ya isa, ranar Lahadi daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma, kowa ya kai gida kafin magariba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a mai da shi safe, ƙarfe 8 zuwa 10. Daga tsakiyar Mayu a sallami masu jarrabawar BEPC da Bak su yi karatu. Da azumi a dakata. Da damina ma a dakata, yawancinsu sun koma gona.

Kayan aiki kaɗan ne: tabarmi manya 4, bido 2 na lita 25 cike da ruwan sha, moɗa da kofuna, sabulu, littafi da biro ga kowane yaro, da ƙaramin akwati mai auduga, filasta da gishirin zawo. Abin taɓawa gyaɗa ko dabino ko ƙuli-ƙuli. Kuɗi kuwa kada ya wuce dala 20 a kowane zama, wato sefa 100, kuma wanda ba shi da shi ba a tambayarsa a gaban mutane. Yara 15 sau biyu a wata ya kama jika 3 in kowa ya biya, abin da zai sayi goron baƙo da kuɗin kabu-kabunsa. Abin da ya rage manya su cika. A karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen wata. Kuɗin da ya zo daga wanda ba a sani ba, musamman in ya haɗa da sharaɗin a ba shi hotuna ko sunaye, a mai da masa abinsa.

Abin da ake yi a cikin awa biyun

Kwata na farko gaisuwa ce, kowa ya faɗi yadda sati biyun suka wuce masa a lakwal da gida. Kada a raina wannan, a nan ake jin wanda aka zaga da wanda ya daina cin abinci. Sai minti 40 na baƙo ko darasi, minti 30 na tambayoyi, sauran lokacin wasa: dara, tatsuniya, kacici-kacici, ko langa in fili ya isa. A ajiye gwangwani mai murfi da ƴan takardu don mai jin kunyar tambaya da baki ya rubuta ya jefa ba suna. Tambayoyin da suka fi nauyi daga nan suke fitowa, irin su "in kakana ya mutu ina za shi?" Irin wannan ba a amsa ta da gaggawa ko da wasa. A ce ga abin da tsofaffin gidanku ke cewa, ga abin da malamai ke cewa, ka tambayi babanka, kuma babu wanda zai tilasta maka zaɓi a nan.

Darasin farko ya zama kalmar kanta. A Adar ana cewa azna, wajen Maraɗi anna ko arna, a Najeriya an fi sanin Maguzawa. A bakin ɗan birni "arne" zagi ne. Amma a tarihin Adar azna masu ƙasa su ne waɗanda suka fara sarar daji suka ƙulla alkawari da iskokin wurin, kuma sarautun da suka zo daga baya, har da ta Agabba ɗan sarkin Agadas wadda zuriyarta ke Illela, sun tarar da su a wurin. Yaron da ya san wannan, in aka kira shi arne, zai ji zafi amma ba zai ji shi banza ne ba. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya yi rubutu mai zurfi a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, kuma ana iya roƙon wani malami ko ɗalibin tarihi ya zo ya warware wa yara da Hausa.

Daga nan sai a bi shekara yadda manoma ke lissafinta. Watannin gargajiya daga bayan kaka ake ƙirga su, shi ya sa ake cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. A wurare da yawa a watan huɗu ake buɗin daji, wato bikin buɗe farauta. A ba kowane yaro aikin hutu: ya tambayi tsohon gidansu yadda garinsu ke ƙirga wata, me ake yi a kowane, wace sana'a ce gadon gidan, ko noma ko ƙira ko farauta ko su, da abin da gidan ba ya ci da dalilinsa. In an dawo a jera amsoshin. Za a tarar sun sha bamban daga gari zuwa gari, kuma nan ne masu riƙe zama ke yin kuskure, su ce wannan daidai wancan ba daidai ba. Al'adar ba ta da littafi ɗaya, kowane gida da kan gidansa. A rubuta kowanne da sunan garin da aka ji shi, a bar su haka.

Tarihin garin Lugu yana jan hankalin yara ƙwarai, musamman mata. A can ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, Sarauniya Mangu ta yi tsayin daka a gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, kuma a yankin ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa ƙara. A faɗa musu abin da tarihi ya tabbatar, a ware shi da abin da aka ƙara don daɗin labari. Game da bori kuma ana iya bayanin sunaye da halaye, su Doguwa, Kure, Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Malam Alhaji, da yadda ake kiran wanda iska ke hawa doki ko goɗiya, da yadda Babule masu halin soja suka ɓullo zamanin mulkin mallaka wajen 1925 a ƙasar Kurfai. Bayani ake yi. Kada a kawo mai goge ya ja taken iska a tsakiyar yara, kada a kunna shi a waya. Kowane iska da takensa, kuma ga wanda ya tashi cikin abin, jin taken kira ne.

Yadda ake kawo tsoho

A je masa kwana uku kafin ranar, da goro kamar 10 da ɗan sukari da shayi. A gaya masa shekarun yaran da abin da ake son ya taɓo, a roƙe shi da kansa ya faɗi abin da ba ya so a tambaya. Ranar zaman a aika a ɗauko shi, a shimfiɗa masa wuri mai jingina, a fara ba shi ruwa. Yara su durƙusa su gaishe shi, "Baba, sannunku da zuwa", ko "Inna, ina wuninku". Tsoho ba ya fara magana daga inda aka tambaye shi. Zai fasa goro, ya kalli yaran ɗaya-ɗaya, ya nuna wani ya ce "kai jikan wa ne?", in aka faɗa ya yi shiru ya ce tare suka yi kiwo da kakan. A bar shi. Minti goman nan da ake ganin ɓata lokaci ne su ne ke buɗe bakinsa, kuma yaron da aka gane kakansa a gaban jama'a ba zai manta ranar ba. In ya ce "wannan ba na yara ba ne", an rufe maganar, ba a zagayowa ta wata hanya.

Ɗaukar murya sai da izninsa, a waya ɗaya ta manya, kuma a sake kunna masa ya ji kafin ya tafi, ya ce a goge abin da yake so a goge. Wayoyin yara a tara su cikin kwando tun daga ƙofa. Bidiyon minti ɗaya na yarinya tana rera kirarin gidansu, in ya shiga WhatsApp da yamma, kafin safe ya kai ajinsu da wani suna a kansa. Saƙon ranar zama wayar iyaye ake tura wa. In wani ya yaɗa hoton yaro da zagi, a adana shaida, iyaye su kai ƙara, domin dokar 2019 kan laifuffukan intanet ta hukunta zagi da ɓata suna ta wannan hanya. Muryoyin tsofaffi da aka tara da izni a kwafe su wuri biyu. Mai son sanin yadda ake adana irinsu ya nemi shawara a Yamai wajen cibiyoyin bincike na IRSH ko CELHTO, waɗanda aikinsu ke nan shekaru da yawa. Ɗan jarida ko mai bincike da ya nemi zuwa, a haɗa shi da manya, ba da yara ba.

In yarinya ta faɗi

Zai iya faruwa ko ba goge, kamar yadda yake faruwa a lakwal-lakwal na ƙasar nan. Abin da za a yi a san shi tun kafin ranar. Babba ɗaya ya janye sauran yaran zuwa wani gefe, domin in suka tsaya kallo sai ta biyu da ta uku su bi. Mace ta tsaya kanta, ta kawar da abin da zai ji mata ciwo, ta sa zane ƙarƙashin kanta, ta rufe mata jiki, ta juya ta kan haƙarƙari. Ba a danne ta, ba a sa cokali ko yatsa a bakinta, ba a ɗura mata ruwa ko hayaƙi. A duba agogo. In jijjigar ta kai minti 5, ko ta tsaya ta sake dawowa, ko jikin ya yi zafi rau, ko ba ta farfaɗo ba, asibiti kai tsaye, a kira iyaye a hanya. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau lokacin zafi, yunwa da farfaɗiya duk suna kama da hawan iska ga idon da bai sani ba, kuma biyun farko suna kisa cikin sa'o'i. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau, a gaya wa yara haka don kada su guje ta gobe. Ko iska ce ko ba iska ba ce, ba masu riƙe zama ke faɗi ba. Bayan likita ya duba, iyaye su yi abin da gidansu ya saba.

Haka in yaro ya faɗi cewa ana dukansa fiye da kima, ko wani babba na taɓa shi, ko za a cire yarinya daga lakwal a yi mata aure ba ta so. Kada a yi masa alkawarin rufe maganar. A ce "mun ji ka, kuma za mu nemo wanda zai taimaka". A rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa da kwanan wata, a nufi ofishin kare yara na jiha ko sashen ƴan sanda mai kula da ƙananan yara. In wanda ake zargi cikin masu riƙe zaman yake, a dakatar da shi a ranar, kafin a gama bincike.

Hukuma da tafiya

Muddin zama ne na yara goma sha a tsakar gida da sanin iyaye da mai unguwa, abin bai wuce na dangi ba. In aka fara tara kuɗi da yawa, ko ana son aron zaure a gidan matasa, ko fita da yara wajen gari, sai a yi rajista. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984 ta ce sai an shigar da takardu an samu izni daga ma'aikatar cikin gida, kuma ta hana ƙungiya mai kamannin ƙabila ko yanki. Saboda haka sunan da manufar su tsaya kan aikin, wato koyar da matasa tarihi da al'adun gargajiya, kada a rubuta cewa ta ƴan gari kaza ce ko zuriya kaza kaɗai. Manya ne ke sa hannu, sunan yaro ba ya shiga takardun.

Yara za su roƙi a kai su Masallata, kusa da Ƙwanni, su ga arwa, inda azna ke taruwa kowace shekara a duba yadda damina da lafiyar ƙasa za su kasance. Daga Tawa tafiyar ta kai kilomita 130 da wani abu. In za a yi, a nemi yardar iyaye sabuwa ta wannan tafiya kaɗai, a aika wa dattawan garin tun da wuri a ji ko sun yarda da inda baƙi ke tsayawa, a tambayi hukuma halin tsaron hanya a satin, in aka ce a dakata a dakata. Babba ɗaya ga yara 5, mota ɗaya da aka san direbanta, lita 3 na ruwa ga kowane yaro, hula ko mayafi, a tashi da sassafe a dawo kafin rana ta faɗi. A ƙirga su da suna lokacin shiga mota, a ƙirga a wurin, a sake ƙirgawa kafin a tayar da mota, kuma kowane yaro a miƙa shi hannun babban gidansu a ƙofar gida, ba a sauke shi a tasha ba.